Baƙi Uku, Ƙarshe Ɗaya: Idifus, Otelo Da Odewale

 

Yau ina so mu ɗan ajiye maganar farashin goro da kuɗin haya, mu tattauna a kan wasu wasannin kwaikwayo guda uku da suka daɗe suna yi mini yawo a rai. Na san wani zai ce me ya haɗa ɗan mai goro da littattafan 'yan boko? To a yi haƙuri a karanta zuwa ƙarshe. Duka ukun labarin baƙo ne a garin da ba nasa ba, mu kuwa ai mun san baƙunci, a cikinsa aka haife mu.

Irin waɗannan wasanni Turawa na kiransu tirajidi, wato wasan ban tausayi. Ana ɗauko babban mutum ne, jarumi mai daraja, a nuna yadda ya faɗo warwas, alhali shi ba mugu ba ne, wani kuskure ne ko wani rauni a halinsa ya ja masa. Girkawa suka fara shi a birnin Atina fiye da shekara 2400 da suka wuce. Malaminsu Aristotal ya ce amfanin irin wannan wasa shi ne mai kallo ya ji tausayi ya kuma ji tsoro, domin ya ga abin da ya sami wani zai iya samunsa.

Na farko shi ne wasan Sarki Idifus, wanda Sofokilis Bagirke ya rubuta wajen shekara 429 kafin haihuwar Annabi Isa. Na biyu Otelo na Shekisfiya, mutumin Ingila, wanda aka nuna a 1604. Shi muka karanta a sakandare saboda jarrabawar WAEC. Na uku namu ne na nan gida, The Gods Are Not to Blame na Ola Rotimi, ma'ana ba laifin alloli ba ne. An fara nuna shi a Ile-Ife a 1968, aka buga shi littafi a 1971. Rotimi ya ɗauko labarin Idifus ne ya dasa shi a ƙasar Yarabawa, ya raɗa wa jarumin suna Odewale.

Ga labaran a taƙaice domin wanda bai karanta ba.

An faɗa wa Layus, sarkin birnin Tibis, cewa ɗan da zai haifa shi zai kashe shi. Da aka haifi yaron sai aka ba wani makiyayi ya jefar da shi a kan dutse. Makiyayin ya ji tausayi ya ba wani, har yaro ya tashi a gidan sarkin Korinti a matsayin ɗa. Da ya girma ya je wurin masu duba, suka ce masa zai kashe ubansa ya auri uwarsa. Sai ya gudu daga Korinti don kada haka ta faru. A hanya, a wata mararraba, ya yi faɗa da wani dattijo a kan wa zai kauce wa wani, ya kashe shi. Ya isa Tibis ya iske wata dodanniya ta addabi gari da kacici-kacici, ya warware, mutane suka naɗa shi sarki suka aura masa matar marigayi sarkinsu, Jokasta. Suka haifi 'ya'ya huɗu. Bayan shekaru annoba ta sauka, aka ce ba za ta ɗauke ba sai an gano wanda ya kashe Layus. Idifus ya yi rantsuwa sai ya nemo shi. Ya nemo shi kuwa, ashe shi ne.

Na Odewale haka yake, sai dai gari ya zama Kutuje, sarki ya zama Adetusa, sarauniya Ojuola. Wani maharbi ne ya rene shi a ƙasar Ijekun. Maimakon dodanniya, mutanen Ikolu ne suka addabi Kutuje da hari, Odewale ya zo ya haɗa kan jama'a suka fatattake su, aka ba shi sarauta duk da cewa ba ɗan ƙabilar ba ne a ganin kowa.

Otelo shi kuwa baƙar fata ne daga cikin waɗanda Turawan wancan zamani ke kira Mur. Ya taɓa faɗawa hannun masu bauta, ya kuɓuta, ya yi ta yaƙi har ya zama babban kwamandan sojan birnin Banis da ke Italiya. Ya auri Dasdimona, 'yar wani babban ɗan majalisa, ba da sanin ubanta ba. Wani sojansa mai suna Yago, wanda ke jin haushin an ba Kasiyo muƙamin da yake nema, ya shiga zuga shi cewa matarsa na cin amanarsa da Kasiyo. Otelo ya yarda, ya kashe ta a kan gadonta. Nan take gaskiya ta fito, shi ma ya kashe kansa.

YADDA SUKA SHIGA GARI

Abu na farko da ya haɗa su shi ne ba wanda ya shiga gari da bara. Kowannensu ya zo ne a lokacin da 'yan gari suka rasa yadda za su yi, ya fitar da su kunya. Ko a daren da Barabanshiyo, uban Dasdimona, ya kai ƙarar Otelo gaban majalisa yana cewa asiri ya yi wa 'yarsa, a daren ne labari ya zo cewa jiragen yaƙin Turkawa sun doshi tsibirin Kubrus. Majalisa ta saurari ƙarar a gurguje, ta wanke Otelo, ta tura shi bakin daga. Ana buƙatarsa.

Amma ku lura da Barabanshiyon nan. Shi ne fa da kansa yake gayyatar Otelo gidansa, yana sa shi ba da labarin yaƙe-yaƙensa. Yana son sa a matsayin baƙo mai daɗin hira, yana son sa a matsayin mai tsaron gari. Ranar da ya zama suruki sai ƙauna ta ƙare. Wannan ba sai na yi wa kowa dogon bayani ba. Wanda ya taɓa neman fili, ko aure, ko takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma a garin da aka haife shi aka haifi ubansa, ya san inda zumunci ke tsayawa.

Sai dai akwai wani bambanci da ya fi komai ba ni mamaki. Idifus da Odewale suna ɗaukar kansu baƙi, ashe 'yan gari ne, 'ya'yan sarki ma. Otelo kuwa ya ɗauka hidimar da ya yi ta mai da shi ɗan gari, sai aka tuna masa baƙo ne. Biyu ba su san gida nasu ba ne, ɗaya bai san gida ba nasa ba ne. Duka ukun dai akwai abin da ba su sani ba game da matsayinsu, kuma ta wannan ƙofa masifa ta shigo.

ANA ZATON WUTA A MAƘERA

Ga inda nake so mu tsaya sosai. Kowane ɗaya cikin ukun nan ya ji a jikinsa cewa akwai maƙiyi kusa da shi, kuma kowannensu ya nuna yatsa ga wanda ba shi ba ne.

Da makahon mai duba, Tirisiyas, ya faɗa wa Idifus cewa shi ne mai laifin, nan da nan ya ce ai Kiriyon ne, ɗan uwan matarsa, ya haɗa baki da makaho don su ƙwace masa sarauta. Har kisa ya yi niyyar yanke masa. Kiriyon kuwa ba ruwansa.

Na Odewale ya fi wannan zafi, domin Rotimi ya zuba masa gishirin ƙabilanci. Tun da ya ji cewa kashe tsohon sarki aka yi, sai ya fara kallon fadawansa da wani ido, yana tunanin in har za su iya bari a kashe sarkinsu ɗan ƙabilarsu, to ina ga shi baƙo? Da makaho Baba Fakunle ya zo daga Oyo ya nuna shi, sai ya ɗora wa Aderopo, ɗan tsohon sarki, cewa shi ya saye makahon. Ya kore shi daga gari, ya kuma rantse idonsa ba zai sake ganinsa ba. Aderopo nan fa ƙaninsa ne uwa ɗaya uba ɗaya. Rantsuwar kuma ta kama shi, domin kafin Aderopo ya dawo ya riga ya ƙwaƙule idanunsa.

Otelo shi yana da maƙiyi na gaske, wanda ke tsaye a gefensa kullum. Amma Yago ne ya fi yarda da shi a duniya, matar da ta bar gidan ubanta saboda shi kuma ita ya zarga. Ta ina Yago ya shiga? Ta wurin baƙuncin. Ya nuna masa cewa shi ɗan gari ne, ya san halin matan Banis, Otelo bai sani ba. Ya tuna masa cewa yarinyar da ta yaudari ubanta za ta iya yaudarar miji. Ya ce macen da ta ƙi samarin ƙasarta da launinta ta zaɓi bare, wata rana za ta dawo hayyacinta. Da Otelo ya keɓe shi kaɗai, sai ga shi yana lissafa wa kansa cewa shi baƙi ne, bai iya daɗin baki irin na 'yan birni ba, ga shekaru. Yago bai ƙirƙiri wannan tsoro ba, ya iske shi ne a kwance ya tashe shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Don haka ni ban ce baƙo ba shi da maƙiya ba. Yago yana nan, Barabanshiyo yana nan. Abin da wasannin nan suka nuna mini shi ne zuciyar da ta cika da "don ni baƙo ne" ba ta iya tantance maƙiyi da masoyi. Takan bar Yago ta shaƙe Dasdimona.

WA YA BINCIKA, WA YA ƘI BINCIKE?

A nan ne halayensu suka rabu. Idifus, duk da saurin fushinsa, mutum ne mai son ya san gaskiya ko da za ta ci shi. Ya kira shaidu ɗaya bayan ɗaya. Da Jokasta ta gane inda zancen ya dosa, ta roƙe shi ya bari, ya ƙi. Ya ɗauka kunya take ji kada a gano shi ɗan bayi ne. Ya matsa wa tsohon makiyayi har sai da ya faɗi abin da ya ɓoye shekara da shekaru. Da ya ji, bai nemi wanda zai ɗora wa ba, ya zartar wa kansa hukuncin da ya yi alkawarin zartar wa mai laifi. Odewale ma haka, ya sa aka nemo tsohon bawan fada Gbonka aka haɗa shi da abokinsa Alaka, har ƙulli ya warware.

Otelo kuwa, wanda ya nemi a kawo masa hujjar da ido zai gani, sai ya ƙare da karɓar hankici a matsayin hujja. Hankicin da ya ba matarsa ne ya faɗi, Emiliya matar Yago ta tsinta ta ba mijinta, shi kuma ya jefa a ɗakin Kasiyo. Shi ke nan. Ko sau ɗaya Otelo bai zaunar da Kasiyo ya tambaye shi ba. Ya tambayi Emiliya, ta rantse masa matarsa mai gaskiya ce, ya yi watsi da maganarta. A daren ƙarshe Dasdimona ta roƙe shi a kira Kasiyo a tambaye shi, bai saurara ba. Wannan ya sa nake jin tausayin Idifus da girmamawa a ciki, na Otelo kuwa da takaici.

Wannan ya tuna mini wani abu da na gani a rumfar mahaifina. Akwai wani dattijo Bayarabe da ya fi shekara ashirin yana kawo masa goro daga ƙauye. Wata rana wani ɗan uwanmu Bahaushe ya zo ya raɗa wa Baba cewa mutumin nan yana zaɓe mai kyau ya kai wa wani, ya cusa mana mai sankara a ƙasan kwando, ya ƙara da cewa ai ka san halinsu. Baba bai ce uffan ba. Da dattijon ya zo, ya sa aka kira mai raɗar, ya sa na zazzage kwanduna uku a gaban kowa muka tsince. Goro lafiya lau. Bayan sun watse sai ya ce mini, "Ɗan nan, duk wanda ya kawo maka magana ya rufe ta da 'ai ka san halinsu', to ka fara bincikar nasa halin." Baba bai taɓa jin sunan Yago ba, amma ya san shi.

ƘADDARA KO HALI?

Tsohuwar gardama a kan Idifus ita ce, tunda an riga an faɗi abin da zai faru tun kafin a haife shi, mene ne laifinsa? Mu Musulmi mun yi imani da ƙaddara, amma ba wanda ya koya mana cewa ta ɗauke wa mutum alhakin abin da hannunsa ya aikata. Ko a cikin wasan, masu duba sun faɗi abin da zai faru ne kawai, ba su riƙe hannun Idifus suka ɗaga sanda ba. Mutumin da aka ce wa zai kashe ubansa, sai ga shi yana kashe dattijo sa'an ubansa saboda an ce ya kauce daga hanya.

Rotimi ya ƙara fito da wannan fili. Odewale ya sayi gona a Ede, ya zo ya iske wani dattijo da mutanensa suna haƙar doyarsa, dattijon na cewa ƙasar tasu ce. Ya danne zuciyarsa a kan doya, ya danne a kan gona. Amma da dattijon ya kwaikwayi harshensa yana dariya, ya kira ƙabilarsa mutanen daji, sai ido ya rufe, ya sare shi da fartanya. Ya kashe ubansa don kare martabar ƙabilar da ma ba tasa ba ce. A ƙarshen wasan shi da bakinsa ya hana mutane ɗora wa alloli laifi, ya ce rauninsa ne aka yi amfani da shi.

Kada mu manta an nuna wasan nan ana tsakiyar yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Rotimi kansa an haife shi a Sapele a 1938, ubansa Bayarabe uwarsa 'yar Ijo, don haka ya san zafin tambayar "kai ɗan ina ne?" Ya taɓa bayyana cewa allolin da yake nufi su ne manyan ƙasashen duniya da muke ɗora wa laifin yaƙinmu, alhali rashin yarda da juna ne ya cinye mu.

Sannan ga Otelo: babu mai duba a wasansa, babu wanda ya faɗi komai kafin haihuwarsa, amma ƙarshensa ɗaya da nasu. Aka cire duba aka bar fushi da zargi, gawa ba ta ragu ba.

MATAN FA?

Su suka fi kowa biyan bashin da ba su ci ba. Jokasta da Ojuola an raba su da jariri, an mai da su zawarawa, sannan aka aurar da su ga wanda ya ceci gari kamar tukuici. Dukansu ƙoƙarin sulhu suke yi tsakanin miji da ɗan uwa, dukansu kuma sun riga mazajen gane gaskiya, suka kashe kansu. Dasdimona har numfashinta na ƙarshe tana ƙoƙarin wanke mijinta. Amma wadda ta fi burge ni ita ce Emiliya, 'yar aiki, wadda ta tsaya gaban manyan gari ta tona asirin mijinta, ya kashe ta a kan haka. Ku duba masu faɗin gaskiya a wasannin nan: makafi biyu, tsoffin bayi, da 'yar aiki. Ba ko ɗaya da sarki yake ɗauka da muhimmanci.

MU KUMA FA?

An kafa Sabon Ibadan tun 1916. Wasunmu kakanninsu a nan aka binne su. Duk da haka a kasuwa mu ne Gambari, mu ne aboki. In kuma muka je Arewa biki ko gaisuwa, 'yan uwa na dariyar Hausarmu suna kiranmu 'yan Kurmi. Wanda ya tashi a haka dole akwai wani ɗan miki a zuciyarsa, kamar na Odewale, wanda kalma ɗaya ke iya famawa. Mun ga abin da ya faru a kasuwar Shasha a watan Fabrairu 2021, yadda gardamar mutum biyu ta zama gobarar da ta ci rayuka da shaguna, na Hausawa da na Yarabawa. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi asara ba su ma san yadda aka fara ba. Sun ji an ce ne.

Ban ce a zauna a yi shiru in an zalunce mu ba. Akwai sarakunan Hausawa, akwai shugabannin kasuwa, akwai hukuma, a kai kuka inda ya dace. Roƙona ga matasa 'yan uwana shi ne, duk ranar da aka turo maka saƙo a waya cewa ga abin da suka yi mana, ko wani ya ja ka gefe ya ce ai ka san halinsu, ka yi tambayar da Otelo bai yi ba: wa ya gani da idonsa, kuma me mai kawo labarin zai samu? In kuma an zage ka da harshenka ko asalinka, ka tuna gonar Ede. Mutumin da ke gabanka mai yiwuwa maƙwabcin da ya ɓoye iyayenka ne a wata fitinar, ko surukin ƙanwarka na gobe.

Littattafan nan uku ba su da tsada, ana samunsu wurin masu sayar da tsoffin littattafai a Dugbe. Wanda Turancin Shekisfiya ya yi masa nauyi ya fara da na Rotimi, harshensa mai sauƙi ne, cike da karin maganar Yarabawa irin waɗanda muke ji kullum a bakin maƙwabtanmu. In ƙaninka yana da shi a jakar makaranta, ara ka karanta, sannan ku zauna ku yi gardama a kan wa ya fi laifi cikin ukun. Ni dai na faɗi nawa.

Allah ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, ya raba mu da sharrin zuciya da na mai raɗa. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.

Wassalam.
Naku, ɗan mai goro, daga Sabo, Ibadan.